Tarihin Ta'addanci da Yadda Ƙasashe Suka Yi Ta Fama da Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da bam ya tashi a wani wuri, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: su wane ne, me suke so, me ya hana gwamnati gamawa da su? An tattaro irin waɗannan tambayoyi a nan, an kuma nemo amsarsu a tarihi, domin ƙasashe da yawa sun riga sun bi ta wannan hanya. Wasu sun fita, wasu har yau suna ciki.

Mene ne ta'addanci, kuma me ya raba shi da sauran kashe-kashe?

Ɗan fashi dukiyarka yake so, kuma zai fi jin daɗi idan babu wanda ya ji labari. Ɗan ta'adda kuwa so yake duniya ta ji. Mutumin da ya kashe a tashar jirgin ƙasa ko a wurin ibada, yawanci bai san shi ba, babu wata gaba tsakaninsu. Saƙo yake aikawa ga waɗanda suka rage da rai, musamman masu mulki. Shi ya sa mafi yawan masana ke neman abu uku kafin su kira hari ta'addanci: a yi amfani da ƙarfi, galibi a kan farar hula, a kasance da manufa ta siyasa ko aƙida ko addini, a kuma yi nufin jefa tsoro a zukatan mutanen da harin bai taɓa ba.

Sai dai har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ma'ana guda da kowa ya amince da ita. Tun 1996 Indiya ta gabatar da daftarin cikakkiyar yarjejeniya, kuma yana nan ajiye saboda tambaya biyu: shin wanda ke yaƙar mamaya ɗan ta'adda ne? Shin sojan gwamnati zai iya zama ɗan ta'adda? Da abin ya faskara, sai aka koma haramta ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Daga 1963 zuwa yanzu an ƙulla yarjejeniyoyi da ƙarin sharuɗɗa 19 a kan abubuwa irin su fashin jirgin sama, garkuwa da mutane, dasa bam da samar wa 'yan ta'adda kuɗi.

Daga ina sunan ya samo asali?

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta fito ne daga juyin juya halin Faransa, kuma abin mamaki, gwamnati aka fara laƙaba wa. Tsakanin 1793 da 1794 gwamnatin su Robespierre ta yanke wa mutum kusan 17,000 hukuncin kisa, da sunan kare sabuwar jamhuriya, kuma ba ta ɓoye cewa tsoratarwa take nufi ba. Daga baya ne ma'anar ta juya, ta koma kan ƙananan ƙungiyoyi masu yaƙar gwamnati. Tamu kalmar kuwa daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin ƙetare iyaka da zalunci.

Kafin nan babu irin wannan abu ke nan?

Akwai, sunan ne babu. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wata ƙungiyar Yahudawa da ake kira Sikari tana ɓoye gajerun wuƙaƙe a cikin riga, ta caka wa masu haɗa kai da Rumawa a tsakiyar taro, ta saje da jama'a. Shekaru dubu bayan haka Hasan Sabbah ya kama ganuwar Alamut a ƙasar Farisa a 1090, mabiyansa suka shahara da kashe manyan mutane a bainar jama'a. Cikin waɗanda suka fara kashewa har da babban waziri Nizamul Mulk a 1092. Sun yi fiye da shekara ɗari da hamsin sarakuna na kwana da shirinsu, har Mongol suka karɓe Alamut a 1256.

To yaushe aka fara ta'addanci irin na zamani?

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da abu biyu suka haɗu: nakiya da jarida. Alfred Nobel ya yi rajistar nakiyarsa a 1867, daga nan mutum ɗaya zai iya ɗaukar ɓarnar da a da sai runduna. Jaridu masu araha da wayar tangaraho kuma suka sa labarin hari ya zaga duniya cikin kwana ɗaya.

A 1881 wata ƙungiyar 'yan juyin juya hali ta kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu da bam. Sai masu aƙidar rushe kowace irin hukuma suka karɓa: shugaban Faransa Sadi Carnot a 1894, sarauniyar Austiriya Elisabeth a 1898, sarkin Italiya Umberto a 1900, shugaban Amurka McKinley a 1901. A ranar 28 ga Yuni 1914 kuma wani matashi mai kishin Sabiyawa, Gavrilo Princip, ya harbe yariman Austiriya a Sarajevo, harbin da ya zama silar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Matakan farko na ƙasashe a wannan zamani aka ɗauke su. 'Yan sandan Landan sun kafa sashe na musamman a 1883 saboda bama-baman masu neman 'yancin Ailan. Ƙasashen Turai sun yi taro a Rum a 1898 don musayar bayanai a kan waɗanda ake zargi. Bayan kisan McKinley ne aka fara ba shugaban Amurka masu gadi na dindindin. Da aka kashe sarkin Yugoslabiya a Marseille a 1934, tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya ta rubuta yarjejeniyar yaƙi da ta'addanci a 1937, amma Indiya kaɗai ta tabbatar da ita, ba ta taɓa fara aiki ba.

Wani masani ɗan Amurka, David Rapoport, ya kasa tarihin gida huɗu, kowane kusan shekara arba'in: zamanin masu ƙin hukuma daga shekarun 1880, na masu yaƙar mulkin mallaka daga shekarun 1920, na masu ra'ayin gurguzu daga shekarun 1960, sai na masu fakewa da addini daga 1979. Rabon ba ya ɗaukar komai da komai, amma yana tuna wa mutum cewa kowane zamani ya ɗauka nasa ba zai ƙare ba.

An ce Mandela ma an taɓa kiransa ɗan ta'adda. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma sai a 2008 Amurka ta cire sunansa daga jerin waɗanda take sa wa ido, shekara 15 bayan ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya, shekara tara bayan ya sauka daga shugabancin Afirka ta Kudu. Shi ne ya jagoranci kafa reshen soja na jam'iyyar ANC a 1961, bayan da gwamnatin wariyar launin fata ta rufe duk wata ƙofar lumana.

Ba shi kaɗai ba ne. Menachem Begin shi ne shugaban Irgun, ƙungiyar Yahudawa masu yaƙar mulkin Birtaniya, da ta tayar da bam a otal ɗin King David na Birnin Ƙudus a 1946, mutum 91 suka mutu. Daga baya ya zama firaministan Isra'ila, shi ma ya karɓi Nobel a 1978. Faransa ta kira mayaƙan FLN na Aljeriya 'yan ta'adda daga 1954 har zuwa 1962 da ta miƙa musu ƙasar. Haka Birtaniya ta kira Mau Mau a Kenya.

Daga nan ne wasu ke cewa ai sunan na siyasa ne kawai, mai ƙarfi ke laƙaba wa wanda ya ga dama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A ganina hanya mafi tsafta ita ce a raba manufa da aiki. Manufa tana iya zama ta gaskiya, aikin ya zama ta'addanci: FLN tana da hujjar neman 'yanci, amma bam ɗin da ta dasa a wuraren shaƙatawa na birnin Aljas a 1956 farar hula ya kashe. Sojojin Faransa kuma da suka mayar da martani da azabtar da fursunoni da ɓatar da mutane, sun ci yaƙin birnin a 1957, suka rasa ƙasar shekara biyar bayan haka, domin azabar ta tura sauran 'yan Aljeriya hannun FLN, ta kuma raba kan Faransawa a gida.

Shin ta'addanci ya keɓanta da wani addini?

A'a. Kafin 2001, ƙungiyar da ta fi kowa yin harin ƙunar baƙin wake ita ce Tamil Tigers ta Siri Lanka, wadda 'yan aware ne masu neman ƙasar ƙabilarsu. Su suka kashe tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi a 1991 da shugaban Siri Lanka Premadasa a 1993. Wanda ya tarwatsa ginin gwamnati a Oklahoma a 1995 ya kashe mutum 168 tsohon sojan Amurka ne mai ƙin gwamnatinsa. A shekarar ce wata ƙungiyar asiri ta Japan ta saki iska mai guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. A Norway a 2011 wani mai aƙidar fifita farar fata ya kashe mutum 77, yawancinsu matasa. Wani irinsa ya kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a 2019.

Abin da ba a musu shi ne, tun daga shekarun 1990 ƙungiyoyi masu ikirarin jihadi, irin su Alƙa'ida, ISIS, Al-Shabab da Boko Haram, su ne suka fi zubar da jini. Haka kuma ba a musu cewa mafi yawan mutanen da waɗannan ƙungiyoyi suka kashe Musulmi ne, a Iraƙi, Afganistan, Pakistan, Somaliya, Siriya da Najeriya, har da malaman da suka fito suka ƙaryata su.

Me harin 11 ga Satumba 2001 ya canza?

Mahara 19 sun sace jirage huɗu, suka kashe mutum 2,977. Alƙa'ida ta riga ta nuna halinta tun 7 ga Agusta 1998, da ta kai hari ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Kenya. Amma harin 2001 ne ya mayar da batun daga hannun 'yan sanda da kotu zuwa hannun soja.

Cikin makonni kaɗan Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta haramta ba 'yan ta'adda kuɗi da mafaka. Ƙasashe da dama da ba su da dokar ta'addanci suka yi. Amurka ta faɗaɗa ikon leƙen asiri, ta kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, ta buɗe gidan yarin Guantanamo a Janairun 2002, inda kusan mutum 780 suka ratsa, mafi yawansu ba a taɓa gurfanar da su ba. Ta shiga Afganistan a Oktoban 2001, ta mamaye Iraƙi a 2003.

Sakamakon ya zo a cakuɗe. An karya lagon Alƙa'ida, an kashe Usama bin Ladin a Abbottabad ta Pakistan a Mayun 2011, kuma ba a sake kai wa Amurka hari irin wancan ba. Amma daga rikicin da mamayar Iraƙi ta haifar ne ISIS ta tsiro, har ta kama Mosul a Yunin 2014 ta ayyana halifanci, sai a Maris 2019 aka ƙwace yankinta na ƙarshe a Siriya. A Afganistan kuwa, bayan shekara 20, Taliban ta koma Kabul a Agustan 2021. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Me ya sa soja, da duk makamansu, ba sa iya gamawa da 'yan ta'adda?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, don haka za a ɗan daɗe a kanta.

A 2008 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta bi diddigin ƙungiyoyi 648 da suka yi ta'addanci tsakanin 1968 da 2006. Cikin waɗanda suka ƙare, kashi 43 cikin ɗari sun ajiye makami ne suka shiga siyasa, kashi 40 aikin 'yan sanda da jami'an leƙen asiri ne ya gama da su, kashi 10 sun cim ma burinsu. Waɗanda ƙarfin soja ya murƙushe kashi 7 ne kacal.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An horar da soja ya yaƙi rundunar da ke sanye da kaki, mai sansani da tuta. Ɗan ta'adda kuwa a cikin jama'a yake kwana. Tankar yaƙi ba ta san wane ne a cikin unguwa ba. Maƙwabci ne ya sani, kuma ba zai faɗa ba sai ya yarda da wanda zai faɗa wa. Sau da yawa ma harin tarko ne: ana so gwamnati ta fusata ta yi kamun kan mai uwa da wabi, sai ƙungiyar ta tsinci sababbin mabiya cikin 'yan'uwan waɗanda aka zalunta.

Ailan ta Arewa misali ce a fili. A 1971 Birtaniya ta fara tsare mutane ba tare da shari'a ba, a ranar 30 ga Janairu 1972 kuma sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 a Derry. Matasa suka yi ta tururuwa zuwa IRA, ƙungiyar da ke yaƙar mulkin Birtaniya a yankin, kuma 1972 ta zama shekara mafi muni a rikicin da ya ci kusan rai 3,500. Sai a 2010 firaministan Birtaniya ya nemi gafara a kan wancan harbi. A Najeriya, an murƙushe tarzomar Boko Haram a Yulin 2009, aka kashe shugabanta Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba: cikin shekara guda ƙungiyar ta dawo ƙarƙashin Abubakar Shekau, ta fasa gidan yarin Bauchi a 2010, ta kai hari ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja a Agustan 2011, ta sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zanta da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, ta fitar da rahoto a 2017: kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aikin hukuma ne, kamar kashe ko kama wani ɗan'uwa ko aboki.

A gefe guda, dubi Peru. Rikicin da ƙungiyar gurguzu ta Shining Path ta kunna a 1980 ya ci rayuka kusan 69,000 a ƙiyasin hukumar bin diddigin gaskiya ta ƙasar, kuma sojoji sun yi shekaru suna kashe-kashe a ƙauyuka ba tare da an ga ƙarshensa ba. Waɗanda suka kama shugaban ƙungiyar, Abimael Guzmán, a Satumban 1992, wasu 'yan sandan ciki ne 'yan ƙalilan da suka daɗe suna sa ido a kan wani gida a Lima, har suna tona sharar gidan, inda suka ga kwalayen maganin ciwon fatar da aka san yana fama da shi. Bayan kama shi ƙungiyar ta durƙushe.

Wannan ba ya nufin soja ba shi da amfani. Idan ƙungiya ta kama garuruwa ta kafa tuta, kamar ISIS a Mosul ko Boko Haram a Gwoza a 2014, babu mai fitar da ita sai soja. Siri Lanka ma da ƙarfin soja ta gama da Tamil Tigers a Mayun 2009, sai dai dubban farar hula sun mutu a watannin ƙarshe, kuma zargin laifukan yaƙi na bin ƙasar har yau. Soja na iya ƙwato ƙasa; riƙe ta kuwa aikin ɗan sanda ne da alƙali da malamin makaranta.

Ya halatta gwamnati ta zauna da 'yan ta'adda?

Kusan kowace gwamnati tana rantsuwa ba za ta yi ba, kuma da yawa sun yi. Birtaniya ta riƙe wata ɓoyayyiyar hanyar magana da IRA tun shekarun 1970, abin da ya kai ga yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998, IRA ta lalata makamanta a 2005. Kolombiya ta yi shekara huɗu tana tattaunawa da 'yan tawayen gurguzu na FARC a Kyuba. Jama'a suka ƙi yarjejeniyar da ƙaramin rinjaye a ƙuri'ar Oktoban 2016, aka gyara ta aka sa hannu a watan Nuwamba. Amurka da kanta ta sa hannu da Taliban a Doha a Fabrairun 2020.

Sulhu yana yiwuwa ne idan abin da ƙungiya ke nema yana rabuwa, kamar iko a wani yanki, kujeru a majalisa ko sakin fursunoni, idan kuma shugabanninta na iya sa mabiya su bi abin da aka ƙulla. Wanda ya ce sai duniya duka ta bi shi, babu abin da za a ba shi rabi. Sifaniya ta gwada tattaunawa da ETA ta 'yan awaren Basque fiye da sau ɗaya ba ta yi nasara ba. Abin da ya ci ƙungiyar shi ne kamun shugabanninta tare da taimakon 'yan sandan Faransa, da kuma juya bayan da jama'arta suka yi mata, musamman bayan ta kashe wani matashin kansila a 1997, miliyoyin mutane suka fito kan titi. Ta daina kai hari a 2011, ta rushe kanta a 2018, bayan ta kashe mutum fiye da 800.

Tubabbun 'yan ta'adda fa? Ana iya yarda da su?

Ga wanda aka kashe wa uba ko ɗa, ganin mai laifi yana koyon sana'a da kuɗin gwamnati abu ne mai ciwo, kuma babu wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure da ya ji haka. Duk da haka ƙasashe na buɗe wannan ƙofa, domin mayaƙin da ya san babu mafita sai mutuwa zai yi yaƙi har ya mutu.

Italiya ta ga amfanin haka. Bayan ƙungiyar Red Brigades ta sace tsohon firaminista Aldo Moro a 1978, ta tsare shi kwana 55 ta kashe shi, aka yi dokokin rage hukunci ga duk wanda ya tuba ya kuma tona asirin abokansa. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta wargaje daga ciki. Indunisiya, bayan harin Bali na 2002 da ya kashe mutum 202, ta kafa runduna ta musamman ta 'yan sanda a 2003, ta haɗa kame da gurfanarwa a kotu a fili, ta kuma yi amfani da tsofaffin mayaƙa wajen shawo kan na baya. A Yunin 2024 shugabannin Jemaah Islamiyah, wadda ta kai harin na Bali, suka sanar da rushe ƙungiyar. Aljeriya ta yi afuwa mai faɗi a 1999 da 2005, dubbai suka sauko daga duwatsu, amma an rufe bakin binciken abin da ya faru da waɗanda suka ɓata, ragowar mayaƙan kuma suka gangara Sahara, a 2007 suka zama reshen Alƙa'ida. Saudiyya na da shirin nasiha da gyaran hali tun 2004, sai dai ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta cikinsa, Sa'id al-Shihri, ya tsallaka Yaman ya zama mataimakin shugaban Alƙa'ida a can. Najeriya ta fara nata shirin a 2016, kuma bayan mutuwar Shekau a 2021 dubban mutane suka miƙa wuya, mayaƙa da iyalansu da waɗanda aka tilasta wa.

Inda shirin ya yi aiki, za ka tarar an tantance shugaba daga mabiyi, an gurfanar da masu manyan laifuka, an ci gaba da sa ido bayan saki, an kuma tuna da waɗanda aka zalunta. Inda aka tsallake na ƙarshen nan, al'umma kan ƙi karɓar tubabbun, su kuma su koma inda suka fito.

A ina suke samun kuɗi?

Hari ɗaya ba ya cin kuɗi sosai: hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba ta ƙiyasta cewa bai wuce dala 500,000 ba. Riƙe ƙungiya ne mai tsada, albashi da makamai da kula da iyalan mayaƙa. ISIS ta sayar da man fetur ta kuma karɓi haraji a garuruwan da ta kama. Taliban da FARC sun ci daga safarar miyagun ƙwayoyi. Al-Shabab na tatsar 'yan kasuwa da direbobi, har Kwamitin Tsaro ya haramta fitar da gawayi daga Somaliya a 2012 saboda ita. A yankin Sahel akwai kuɗin fansa, satar shanu da ramukan haƙar zinariya.

Hukumar FATF, wadda manyan ƙasashe bakwai suka kafa a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, an ƙara mata wannan aiki a Oktoban 2001. Ita ce ke sa ƙasa a jerin waɗanda ake sa wa ido idan bankunanta sun yi sakaci. Matakin na kama kuɗin da ke bi ta banki. Ba ya kama harajin da aka karɓa hannu da hannu a bakin hanya.

Dokokin yaƙi da ta'addanci ba sa danne haƙƙin mutane?

Suna yi, kuma ba a ƙasashen kama-karya kaɗai ba. Dokar da Birtaniya ta yi a 1974 da sunan ta wucin gadi an yi ta sabunta ta har 2000. Mutum shida da aka ɗaure saboda bama-baman Birmingham sun yi shekara 16 a kurkuku kafin kotu ta wanke su a 1991. A Sifaniya an ɗaure wani tsohon ministan cikin gida a 1998 saboda hannu a ayyukan wata ƙungiyar ɓoye da ke farautar 'yan ETA ba bisa doka ba. Masar ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci daga kisan Anwar Sadat a 1981 har 2012. Gwamnatoci da yawa kuma sun gano cewa kalmar tana da daɗin jifan 'yan adawa da 'yan jarida.

Norway ta bi wata hanya dabam. Ta gurfanar da maharin 2011 a kotun yau da kullum, a fili, da lauyoyinsa, aka yanke masa shekara 21 da za a iya tsawaitawa muddin yana da haɗari. New Zealand kuma cikin wata guda da harin Christchurch ta haramta mafi yawan bindigogi masu sarrafa kansu.

Me ya sa ake wahalar da mutane da bincike a filin jirgin sama?

Kowane mataki da harin da ya haife shi. Yawan fashin jirage ne ya sa Amurka ta wajabta binciken fasinja a 1973. Bam ɗin da ya tarwatsa jirgi a kan Lockerbie a 1988 ya kashe mutum 270 ya sa aka tsaurara kan kaya. Cire takalmi ya biyo bayan wani yunƙuri na Disamban 2001, taƙaita ruwa da turare kuma bayan wata maƙarƙashiya da aka bankaɗo a Birtaniya a 2006. Haka rundunonin ceto na musamman: Jamus ta kafa tata ne bayan kisan 'yan wasan Isra'ila 11 a gasar Munich ta 1972, kuma ita ce ta ceto fasinjojin jirgin da aka sace zuwa Mogadishu a 1977.

A ina matsalar ta fi ƙamari yanzu?

Cibiyarta ta tashi daga Gabas ta Tsakiya ta koma Afirka, musamman Sahel. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta watsa makamai, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu ikirarin jihadi a 2012, Faransa ta kawo sojoji a Janairun 2013 ta kore su daga birane, suka bazu cikin karkara. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: wutar ta tsallaka Burkina Faso da Nijar, tana kuma lasar arewacin Benin da Togo. A 2017 rassan Alƙa'ida na yankin suka dunƙule suka zama JNIM, reshen ISIS kuma na gogayya da su, kowanne yana cin gajiyar rikicin ƙasa da kiwo da rashin hukuma a ƙauyuka.

Sojoji sun karɓe mulki a Mali a 2020 da 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022, a Nijar a Yulin 2023, kuma taɓarɓarewar tsaro na cikin hujjojin da suka bayar. Sojojin Faransa sun fice, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bar Mali a ƙarshen 2023, ƙasashen uku suka ƙulla ƙawancen kansu a Satumban shekarar, suka kuma karkata ga Rasha. Rahoton shekara-shekara na cibiyar nazarin tattalin arziki da zaman lafiya da ke Ostireliya ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a Sahel suka mutu, kuma Burkina Faso ce ta zo ta farko a jerin.